Bututun numfashi ta hanci: me ya sa likitoci ke duba taushinsa

Idan aka sa mutum barci don babbar tiyata, numfashinsa kan raunana, shi ya sa likita ke zura masa bututu zuwa maƙogwaro a haɗa da na'ura. Galibi ta baki ake bi. Amma idan a bakin za a yi aikin, ko kuwa ya ƙi buɗuwa, sai a bi ta hanci. Mutumin Dabai da ya karya muƙamuƙi a haɗarin babur kan hanyar Zuru na iya buƙatar haka. Haka ma yaran da cutar noma ta cinye musu kunci har tabo ya ɗaure musu baki, waɗanda ake yi wa gyara a Asibitin Noma na Sakkwato, da aka buɗe a 1999.

Cikin hanci matsattse ne, fatarsa siririya, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Saboda haka haɓo shi ne matsalar da aka fi samu, kuma jinin da ya gangara maƙogwaro yakan rufe wa likita gani. Nan ne abin da aka ƙera bututun da shi yake da tasiri.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ivan Magill da Stanley Rowbotham sun inganta dabarar bi ta hanci a Ingila da bututun jar roba, suna taimaka wa sojojin da harsashi ya ragargaza wa fuska. A lokacin, wankewa ake yi a sake amfani da shi. Daga shekarun 1960 robar PVC ta fara maye gurbinsa: tana da araha, kuma sau ɗaya ake amfani da ita a yar. Aibinta tauri, musamman a ɗakin tiyata mai sanyi, bakinta na iya kartar hanci. Silikon ya fi ta taushi, yakan bi lanƙwasar hanci salin-alin, sai dai ya fi tsada, kuma laushin nasa kan sa saita shi ya yi wuya, har sai an kama bakinsa da hantsaki an shigar. Akwai kuma mai waya a jiki, wanda ba ya toshewa ko an lanƙwasa shi.

Inda kuɗi suka yi ƙaranci, akwai mafita. Likitoci kan tsoma bututun PVC a ruwan ɗumi mai tsabta ya yi laushi, kamar tiyon da ya sha rana, su shafa masa abu mai santsi, su ɗiga maganin da ke tsuke jijiyoyin hanci, sannan su zaɓi ƙofar hancin da ta fi buɗewa. Wannan yana rage haɓo.

Majinyaci da danginsa ma suna da nasu aikin. Kafin tiyata a gaya wa likitan barci idan ana yawan haɓo, ko ƙofar hanci ɗaya na toshewa, ko ana shan maganin tsinka jini, ko an bugu a ka. Idan ƙashin gindin ƙoƙon kai ya tsage, bin hanci haɗari ne babba, dole a nemi wata hanya.