Daga Filin Intahaus Zuwa Rigar Makaranta: 'Yan Kokawar da Kafanchan Ke Ɓararwa

A zangon karatu na biyu, lokacin da hunturu ke busar da ciyawa, makarantun sakandare a Kafanchan, Kagoro da Zonkwa kan ɗauki haramar intahaus, wato gasar wasanni ta cikin makaranta. Ana zana layukan tsere a fili, ana raba ɗalibai gida-gida, ja da kore da shuɗi da rawaya. Malamin wasanni na tsaye da usur a wuya da littafi a hannu. Duk yaron da sunansa ya shiga littafin nan, ya kama hanyar saka rigar makaranta.

Samun wannan gurbi ba ƙaramin aiki ba ne. Yaro zai tashi da asuba ya yi gudu, a taso daga makaranta ya wuce gona ko shagon mahaifinsa, da la'asar kuma ya dawo atisaye, wani lokacin babu takalmi. Sai dai guraben kusan duk na ƙwallon ƙafa ne da tsere.

A Amurka kuwa, makarantar sakandare kan riƙe babbar tawaga da ƙarama a wasanni da dama. Ana kokawa a lokacin sanyi, a buga besbol idan sanyi ya wuce, kuma ɗalibi ɗaya na iya cin gurbi a duka biyun. A kokawarsu, ɗan wasa kan kara da abokinsa mai nauyi irin nasa, wanda ya yi nasara ya wakilci makaranta. Wasu ta nan suke samun tallafin karatun jami'a.

Besbol baƙo ne a Kudancin Kaduna, babu wanda zai yi kukan rashinsa. Kokawa ce abin takaici, domin tamu ce tun kaka da kakanni, kuma yaron da ya taso yana kaftu a gonar citta ko doya ba ya rasa ƙarfin damtse. Abin da ya rasa shi ne katifar atisaye da mai koyarwa. A kokawar gargajiya, da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A ta Olamfik ana ƙirga maki cikin zagaye biyu na minti uku-uku, sai fa in an danne duka kafaɗun mutum a ƙasa. Wannan bambanci koyonsa ake yi.

Labarin Blessing Oborududu ta Jihar Bayelsa ya isa misali. A kokawar intahaus aka fara ganin bajintarta, aka kira ta sansanin 'yan wasan ƙasa a 2007. A 2021 ta ciyo azurfa a Tokyo a ajin kilo 68, lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a kokawa. Bayelsa ta ci moriyar Daniel Igali, ɗan jihar da ya ciyo wa Kanada zinare a kokawa a Sydney a 2000, ya dawo gida ya rungumi yara.

Hanya a buɗe take. Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a 1973, Kaduna kuma ta karɓi baƙuncinsa a 1977 da 2009, yana da kokawa da dambe da langa. Kafanchan na da filin wasa na gari, ga Kwalejin Ilimi a Gidan Waya kusa da ita. Makarantar da ta zuba yashi tifa ɗaya a gefen fili, ta samo sikeli, ta gayyato tsohon ɗan kokawa daga unguwa, za ta iya saka kokawa cikin intahaus ɗinta na baɗi.