Murhun Darfur: Amfanin Shawartar Masu Girki

Sau da yawa masana kan ƙera na'ura a ɗakin bincike, su kai wa jama'a, jama'a kuwa su yi watsi da ita, domin tun farko ba a tuntuɓe su ba. Tarihin murhun Darfur ya nuna yadda ake kauce wa wannan kuskure.

Yaƙin da ya ɓarke a Darfur ta ƙasar Sudan cikin 2003 ya tara dubban jama'a a sansanonin gudun hijira. Itace ya yi wuya, har mata kan yi tafiyar sa'o'i nemansa, a hanya kuma a far musu. A 2005 Ashok Gadgil, masanin kimiyya daga Amurka, ya je da tawagarsa, suka gwada murhu iri-iri, suka zaɓi wani na ƙarfe daga Indiya mai suna Tara.

Da matan suka ɗora tukunya, sai aibinsa ya bayyana. Asida, wato tuwonsu, sai da tuƙi mai ƙarfi, murhun kuwa sai ya karkace. Iska na kwashe zafin wuta, tukwanensu kuma ba sa zama daram. Saboda haka aka yi masa ƙafafu da kariyar iska, aka gyara mazaunin tukunya, aka rage bakinsa don kada a cusa itace barkatai. Sabon murhun yana cin kimanin rabin itacen da murhun duwatsu uku yake ci.

Ashe gaskiyar Bahaushe ce da ya ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.