Shin Ko Kun San? Abin da Ke Riƙe Gwiwar Ƙarfe

Shin ko kun san cewa idan gwiwar dattijon da ya tsufa yana kasuwanci a Adjamé ta Abidjan ta cinye, har likitan ƙashi a asibitin koyarwa na Treichville ya ce sai an sauya ta, ba duka ake cirewa ba? Fuskar ƙashin da ta lalace kawai ake ferewa, a rufa ƙarfe sama da ƙasa, a sa roba mai tauri a tsakani.

To me ke riƙe ƙarfen? Galibi simintin ƙashi ne, wani gari da ake kwaɓawa a ɗakin tiyata, ya daskare cikin minti 10 zuwa 15 yana fitar da zafi. Kutsawa yake yi cikin ƙananan ramukan ƙashi ya kulle, kamar yadda kwaɓi ke kama tayil. Dangin abin da ake haƙoran roba da shi ne, kuma John Charnley na Ingila ne ya yaɗa shi a aikin ƙugu wajen 1960. Sau da yawa akan haɗa simintin da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Akwai kuma marar siminti. Bayan ƙarfen soso-soso ne, ƙashin mutum da kansa ke tsirowa ya shige ciki a 'yan makonni ko watanni. Sharaɗinsa mai tsanani ne: in ƙarfen yana motsi ko da kaurin gashi biyu, ƙashi ba zai kama ba. Wasu likitoci kan raba, siminti a ƙwauri, cinya babu.

Wajen daidaita yankan ƙashi ne kwamfuta ta shigo. A Grenoble ta Faransa, a 1997, Dominique Saragaglia da abokan aikinsa suka fara sauya gwiwa da jagorancinta. Ana kafa alamomi a ƙashin cinya da na ƙwauri, kyamara na bin su, allo na nuna wa likita inda zai yanka, don kada ƙafa ta kauce fiye da digiri 3. Yanka mai kyau na taimaka wa marar siminti ƙwarai. Amma kwamfuta ba ta ƙara wa ƙashi ƙwari, shi ya sa iyayenmu mata da ƙashinsu ya yi laushi siminti ya fi dacewa da su. Ina roƙon 'ya'yan da ke tara kuɗin aiki, kafin a yi tambaya kan na'ura, a tambayi likita yadda ƙashin Hajiya yake.

Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na gwiwoyin ƙarfe na kai shekara 25.

Sai batun salla, wanda ya fi damun mutanenmu na Abidjan. Zaman tahiya na buƙatar lanƙwasa kusan digiri 150, gwiwar ƙarfe kuwa yawanci a wajen 120 take tsayawa, da siminti ko babu. Da yawa kan koma salla a kujera, kuma ya kamata a faɗa wa majiyyaci wannan tun kafin ranar aiki.