Mai Tsaron Sanduna da Masu Zaɓensa

A ranar 20 ga Janairun 2025, a birnin Kuching na ƙasar Malesiya, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyuzilan a gasar cin kofin duniya ta wasan kurket. Najeriya ta tara maki 65, Niyuzilan ta maƙale a 63. Labarin bai yi wani amo a teburan mai shayi na Kura da Bunkure ba, inda Firimiyar Ingila da Kano Pillars suka cinye hira. Amma a dubi tazarar, maki biyu kacal. A dokar wasan, idan ƙwallo ɗaya ta suɓuce wa mai tsaron sanduna ta gangara har iyakar fili, abokan karawa sun sami maki huɗu a ɓagas, ko da katakonsu bai taɓa ta ba.

Ga wanda bai saba kallo ba, ga yadda abin yake. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ana kafa sanduna uku a ƙasa, a ɗora 'yan guntayen itace biyu a kansu. Mai jifa yana neman ya kayar da su, mai bugu yana kare su da faffaɗan katako yana tara maki. A bayan sandunan kuwa akwai mutum ɗaya a tsugune, wato mai tsaron sanduna, shi kaɗai aka yarje wa sa safar hannu cikin masu tare ƙwallo. A wasan kwana biyar ana iya jifa sau 540 a yini guda, kuma kowane jifa sai ya tsuguna ya miƙe. In mai jifan mai ƙarfin dantse ne, ƙwallon fata mai tauri kamar dutse takan zo da gudun da ya haura kilomita 140 a awa, sai ya ja da baya. In kuma mai murza ƙwallo ne da yatsu, sai ya matso daf da sanduna, katakon mai bugu na wucewa ta gaban hancinsa, jikin mai bugun ya tare masa gani, ƙwallon kuma ta daki ƙasa ta karkace. A irin wannan tsayuwar ce guntun itacen kan sanda ya fallatsa ya soki idon Mark Boucher na Afirka ta Kudu a watan Yulin 2012, wasansa ya ƙare ke nan.

Matsalar ita ce littafin maki ba ya yi wa wannan mutum adalci. Duk makin da ya ci da katako ana rubutawa da sunansa, amma ƙwallon da ya kamata ya cafke ya saki, babu gurbinta a littafin. Manomin rani a Kadawa zai gane wannan da wuri: kowa na ƙirga buhunan shinkafar da aka ɗauka a gona, ba mai rubuta ruwan da ya tsiyaye ta ɓarakar kanal, sai dai wanda gonarsa ke can ƙarshen layi ya ji a jikinsa. Masu zaɓen 'yan wasa da ba su son wahalar da kansu takarda suke dubawa, takarda kuwa mai bugu take yabo.

Abin ya ƙara ƙamari daga 1999, lokacin da Ostireliya ta ajiye mai tsaron sandunanta Ian Healy ta ɗauko Adam Gilchrist. Gilchrist ya iya tsaro, ga shi kuma in ya riƙi katako sai dai a yi ta tsinto ƙwallo a bayan fili. Sau 17 yana cin maki ɗari ko fiye a wasannin kwana biyar. Tun daga nan kowace ƙasa ta shiga neman nata Gilchrist ɗin, aka manta cewa irinsa ba kullum ake haihuwa ba. Sai aka koma ɗauko gwanin bugu a cusa masa safar hannu, a ce ya koya a hanya.

Ingila ta yi haka a 2023. Tana da Ben Foakes, wanda masana da yawa ke ganin babu mai hannunsa a ƙasar, amma da karawa da Ostireliya ta zo sai aka ajiye shi aka bai wa Jonny Bairstow safar, mutumin da bai daɗe da warkewa daga mummunar karaya a ƙafa ba. Bairstow ya ci maki 78 a bugunsa na farko a filin Edgbaston, aka tafa. A wannan wasan kuma damammaki suka yi ta zille masa a bayan sanduna, Ostireliya ta sha da ƙyar, saura mutum biyu a gama da ita. Aka tashi jerin wasannin biyu da biyu, kofin ya ci gaba da zama a hannun Ostireliya. Ni dai a ganina laifin ba na Bairstow ba ne, an aike shi aikin da ƙafarsa ba ta shirya masa ba.

Na Pakistan ya fi ciwo. A Sidni, cikin Janairun 2010, mai tsaron sandunanta Kamran Akmal ya saki Michael Hussey na Ostireliya har sau uku. Hussey ya ci 134, Pakistan ta faɗi da maki 36 a wasan da ta riga ta riƙe wuyansa. Bayan shekara guda, a gasar kofin duniya ta 2011, shi dai Akmal ɗin ne a bayan sanduna, ya sake barin Ross Taylor na Niyuzilan ya tsira tun bai yi nisa ba, Taylor ya ƙare da 131. Amma wa zai tsaya ya yi renon sabon mai tsaro a hukumar da kujerarta ba ta ɗumi? Daga Disamban 2022 zuwa Fabrairun 2024, mutum huɗu suka zauna a kan shugabancin hukumar kurket ta Pakistan: Ramiz Raja, Najam Sethi, Zaka Ashraf, sai Mohsin Naqvi. Kusan kowane sauyi kan taɓa masu horarwa ko kwamitin zaɓe, mai tsaron sanduna kuwa shekaru ake ɗauka ana gina shi.

Mu ma rikicin shugabancin wasu ya taɓa yi mana rana. A Yulin 2019 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta dakatar da Zimbabuwe saboda gwamnati ta tsoma baki a harkar hukumarta, sai aka bai wa Najeriya gurbinta a wasannin share fagen kofin duniya da aka yi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Muka je, ba mu ci ko wasa ɗaya ba. Kenya kuwa, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 2003, rigingimun kuɗi da na kujera suka cinye ta, har a 2014 ta rasa matsayinta na buga manyan wasannin yini guda. Gwarzonta na wancan zamani, Steve Tikolo, shi Najeriya ta ɗauko ya horar da 'yan wasanta a 2022.

Kada wani ya ce wasan baƙo ne a Arewa. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ɗalibai sun buga kurket, cikinsu har da Ahmadu Bello kafin ya zama Sardauna. Kuma a zamanin da Farfesa Yahaya Ukwenya, likitan tiyata a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yake shugabantar hukumar kurket ta ƙasa ne samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka fara samun gurbin kofin duniya, wanda aka buga a Afirka ta Kudu a 2020. Uyi Akpata ya gaje shi a 2021.

Inda gizo ke saƙa shi ne a ƙasa. Yaro zai iya koyon jifa da ƙwallon roba a kowane fako, ya koyi bugu da guntun katako. Tsaron sanduna ba ya samuwa haka. Sai da safar hannu, da makarin ƙwauri, da hular kwano, da malamin da zai yi ta jefa masa ƙwallo ta dama da ta hagu har tafin hannunsa ya daina tsoro. Filayen da suka kai a karɓi baƙi a kansu ba su da yawa, irin na dandalin Tafawa Ɓalewa a Legas da na Abuja, don haka yawancin yaranmu a kan siminti ko busasshiyar ƙasa suke wasa, inda ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama kuma maki ke wuyar samu. A irin wannan fili, kowace ƙwallo da ta wuce mai tsaro tsadarta ta ninka. Duk malamin wasanni da ke shirin kafa ƙungiya a wata sakandare a Kura ko Garun Malam, in kayan sun iso, ya fara ware yaro biyu masu ido da haƙuri ya ba su safar, ya kuma buɗe shafi na daban a littafinsa inda zai riƙa rubuta ƙwallon da aka cafke da wadda aka saki.