Maƙoƙo da Kasalar Tairod: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Sha Ƙwayoyin Ƙarin Lafiya

Hausawa sun daɗe da sanin maƙoƙo, watau kumburin nan da kan fito a gaban wuya, galibi ga mata. Amma kalmar ba ta nuna kome sai abin da ido ya gani. Halittar da ke kumbura ɗin, da aikin da take yi a jiki, ba su da sananniyar kalma a harshenmu, don haka a wannan takarda za mu ari sunan da likitoci ke kiranta da shi, mu ce tairod. In ta gaza yin aikinta yadda ya kamata, sai mu kira wannan hali kasalar tairod.

Dalilin kawo wannan magana shi ne, yanzu akan sami mutane, musamman masu ilmi, waɗanda suka ji labarin cutar, suka zaci ita ce ke damunsu, sa'an nan suka nufi kantin magani suka sayi ƙwayoyin ƙarin lafiya ba tare da an gwada su ba. Sau da yawa kuma malami ne ake fara tambaya kafin likita. To, ya kyautu malamin ya san abin da zai faɗa.

Tairod da aikinta

Tairod wata 'yar halitta ce mai laushi a gaban wuya, ƙarƙashin zakaran wuya. Tana da fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi, nauyinta kuwa a jikin baligi bai wuce giram 15 zuwa 25 ba. Aikinta shi ne ta ɗebo sinadarin aidin daga jini ta haɗa wani sinadari da shi, wanda ake kira tairoksin, ko T4 a taƙaice. Jini ke kai shi ko'ina cikin jiki, a can ya rikiɗe ya zama T3, wanda ya fi shi ƙarfi. Su ne ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, da ɗumin jiki, da bugun zuciya, da motsin hanji, da girman ƙwaƙwalwar jariri.

Tairod ba ta aiki da ra'ayin kanta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata halitta, girmanta kamar ƙwayar wake, sunanta fituwitari, ita ke aiko mata da umurni ta hanyar wani sinadari da ake kira TSH. Misalinsu kamar mai gona ne da ɗan ƙodago. In ɗan ƙodago na aiki sosai, mai gona ba ya ɗaga murya. In ya yi sanyi, sai tsawa ta yawaita. Saboda haka in aka auna jini aka tarar TSH ya hau, T4 kuwa ya sauka, an san tairod ta yi kasala.

Yadda aka gano al'amarin

A 1811 wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano aidin cikin tokar ciyawar teku. A 1820 likita Coindet na birnin Janiba ya fara ba masu maƙoƙo aidin. A 1873 William Gull na Landan ya bayyana siffar cutar kasalar ga mata manya. A 1891 George Murray ya yi wa wata mace mai shekara 46 allurar ruwan tairod na tunkiya, ta farfaɗo, ta ci gaba da karɓar maganin har shekara 28. A 1912 Hakaru Hashimoto na Japan ya bayyana wata cuta wadda daga baya aka gane cewa garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi tairod ɗin mai ita. A 1914 Edward Kendall ya tace tairoksin a Amurka, a 1927 kuma Harington da Barger suka haɗa shi a ɗakin bincike a Ingila. Ƙasar Suwizalan ta fara zuba aidin cikin gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924, Nijeriya kuwa ta wajabta haka a 1993.

Wannan tarihi ya nuna sababi biyu manya. Na ɗaya ƙarancin aidin cikin abinci. Na biyu cutar Hashimoto, wadda ita ce ta fi yawa a ƙasashen da aidin ya wadata. Akwai wasu kuma, kamar yanke tairod a asibiti, da kumburinta bayan haihuwa, da shan wasu magunguna na ciwon zuciya ko na taɓin hankali. Maganin sababi na ɗaya ba ya warkar da na biyu, har yana iya tsananta shi.

Alamomi da ruɗaninsu

Mai kasalar tairod yakan ji gajiya ko da ya yi barci isasshe, ya riƙa jin sanyi alhali mutane na gumi, jikinsa ya ƙara nauyi, fata ta bushe, gashi ya riƙa zuba, bayan gida ya yi tauri, murya ta dishe, fuska ta ɗan kumbura, tunani ya yi nauyi. Mace kan ga al'adarta ta yawaita ko ta rikice, wani lokaci ciki ya ƙi shiga ko ya riƙa zubewa. Cutar ta fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma takan shigo sannu a hankali cikin watanni ko shekaru.

Amma kama da wane ba wane ba ne. Babu ɗaya cikin waɗannan alamomi da ta keɓanta da tairod. Ƙarancin jini na kawo gajiya da jin sanyi. Ciwon sukari da ciwon ƙoda da damuwa mai tsanani da shayarwa duk suna kawo kasala. Hunturu ma kan busar da fata. Shi kansa maƙoƙo ba hujja ba ne, gama akwai mai maƙoƙon da tairod ɗinsa ke aiki daidai, akwai wanda tasa ta yi kasala, akwai kuma wanda tasa ke aiki fiye da kima, ya rame, zuciyarsa na bugawa da sauri. Masu kasala da yawa kuwa ba su da kumburi ko kaɗan. Wanda ya yi hukunci da ido kaɗai yana iya ba mai zafi maganin mai sanyi.

Abin da ke raba gardama shi ne gwajin jini. Ga yawancin manya, TSH yakan tsaya tsakanin 0.4 da 4 bisa ma'aunin da aka saba, ko da yake kowane ɗakin gwaji na da iyakarsa. In ya ɗan hau kaɗan, T4 kuwa yana daidai, likita kan sake gwajin bayan wata biyu ko uku, domin sau da yawa yakan koma daidai da kansa. In ya haura 10, ko T4 ya sauka, galibi akan fara magani.

Ƙwayoyin ƙarin lafiya

Bari mu ɗauki waɗanda aka fi saye ɗaya bayan ɗaya.

Na farko aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi maikirogiram 150 a yini, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, watau abin da ake bukata ɗan mitsitsi ne ƙwarai, gishiri mai aidin na iya biyan bukatar yawancin mutane. Ƙwayoyin ciyawar teku kuwa wasunsu na ɗauke da ninkin-ba-ninkin wannan. In aidin ya yi yawa, tairod kan dakatar da aikinta; mai lafiya yakan farfaɗo cikin kwanaki, amma mai cutar Hashimoto yana iya ƙara nutsewa cikin kasala. Wanda ya daɗe da maƙoƙo mai ƙululu kuwa, yawan aidin na iya tunzura tairod ɗinsa ta yi aiki fiye da kima. Ya kamata kuma a ja kunnen jama'a cewa aidin ɗin da ake shafa wa rauni ba na sha ba ne.

Na biyu bayotin, wani bitamin da ake sha don gashi da farce. Ba ya taɓa tairod, amma yakan ruɗa wasu na'urorin gwaji, su nuna TSH ƙasa da yadda yake, T4 kuma sama. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan ruɗanin da yake kawo wa gwaje-gwajen jini a 2017. Mai zuba gashi da ya sha bayotin ya tafi gwaji yana iya ɓoye ainihin cutar da ke zubar masa da gashin. Akan dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini.

Na uku ƙwayoyin da ake rubuta wa cewa suna tallafa wa tairod. A 2013 masu bincike a Amurka sun auna iri goma daga cikinsu, suka sami T3 a cikin tara. Ashe mai shansu magani mai ƙarfi yake sha bai san awonsa ba. Yawan wannan sinadari na rikita bugun zuciya, yana kuma raunana ƙashi.

Na huɗu seleniyam. Tairod na bukatarsa, amma baligi maikirogiram 55 kawai yake nema a yini, kifi da ƙwai da nama na bayar da shi. In ya yi yawa yakan zubar da gashi ya karya farce.

Na biyar ƙwayoyin ƙarin jini masu ƙarfe, da na kalsiyam, da magungunan ƙwannafi. Waɗannan suna da amfaninsu, amma suna kama maganin tairod a cikin hanji su hana shi shiga jini.

Magani na ainihi

Maganin kasalar tairod shi ne lebotairoksin, watau tairoksin ɗin da aka haɗa, kwatankwacin wanda jiki ke yi. Ana shan ƙwaya sau ɗaya a yini da ruwa, da safe, rabin sa'a ko sa'a guda kafin karin kumallo. A bar sa'a huɗu tsakaninsa da ƙwayoyin ƙarfe ko na kalsiyam, kada kuma a haɗa shi da gahawa ko awara. Bayan mako shida zuwa takwas akan sake gwaji a daidaita awon. Ga mutane da yawa magani ne na muddin rai, jin sauƙi ba dalilin barinsa ba ne. Mace mai shansa in ta sami ciki lalle ta sanar da likita nan da nan, gama galibi bukatarta kan ƙaru, ɗan tayi kuwa a watannin farko da sinadarin uwarsa ya dogara wajen gina ƙwaƙwalwarsa.

Abincinmu

Abubuwa biyu cikin abincinmu sun shafi wannan batu. Rogon da ba a jiƙa shi ba, ba a kuma sarrafa shi sosai ba, yana sakin wani sinadari da ke hana tairod ɗaukar aidin. Gero ma yana da irin nasa, an kuwa danganta yawan maƙoƙo a Darfur ta Sudan da dogaro da gero tare da ƙarancin aidin. Illarsu takan bayyana ne inda aidin ya yi ƙaranci, don haka ba a ce kowa ya bar fura ko kunu ba. Abin lura shi ne gishiri. Gishirin gargajiya da ake haƙowa ko dafawa, irin na Bilma, ba a saba zuba masa aidin ba, mai aidin ɗin ma in aka bar shi a buɗe cikin rana da laima yakan yi asararsa. A saya a ƙunshe, a ajiye a rufe.

Amsar da malami zai bayar

In ɗalibi ko abokin aiki ya zo da wannan zato, malami ya ce masa ya rubuta alamomin da yake ji da lokacin da suka fara, ya tattara duk ƙwayoyin da yake sha, har da na gargajiya, ya kai wa likita ya gani, ya nemi a auna masa TSH da T4 da yawan jininsa, kada kuma ya fara wata sabuwar ƙwaya kafin sakamako ya fito. Amma in kumburin wuya yana hana haɗiya ko numfashi, ko ƙululun ya yi tauri yana girma da sauri, ko jariri ne shawara ta daɗe a jikinsa, yana yawan barci, ba ya kama nono sosai, to wannan ba abin jira ba ne.

Ga masu nazarin harshe kuma akwai aiki. Muddin maƙoƙo ita ce kalma ɗaya tak da jama'a ke da ita, mara kumburi zai ɗauka lafiyarsa lau, mai kumburi kuwa ya ɗauka aidin ne maganinsa. In littattafan kiwon lafiya na makarantunmu suka raba kumburin da kasalar da kuma yawan aikin, kowanne da sunansa, likita da majinyaci za su fi fahimtar juna.