Ƙwarƙwatar Kai: Maganin da Ya Dace da Yaro da Wanda Ke Halaka Shi

Ya ku iyaye da 'yan kasuwa na Salaga, Yendi da Bawku, ƙwarƙwata ba alamar ƙazanta ba ce. Ba ta tsalle, ba ta tashi sama. Tana ratsawa ne daga kai zuwa kai idan yara suka haɗa kawuna a makaranta ko wurin kwana, wani lokaci kuma ta hanyar mataji, hula ko ɗankwali. Ƙwarƙwatar kai ba ta yaɗa cuta, illarta ƙaiƙayi ne da gyambon da susa ke haifarwa. Babban haɗarin yana cikin abin da ake zuba wa yaro a ka domin kashe ta.

Maganin gona ba na kai ba ne

Maganin feshin albasa, masara ko auduga, da irin su Sniper mai sinadarin dichlorvos, guba ne da ke shiga jiki ta fata da numfashi. Fatar yaro ta fi ta babba laushi, kuma susa ta riga ta buɗe wa gubar ƙofa. A shekarar 2019, jaridun Najeriya sun ba da labarin wata matashiya mai hidimar ƙasa a Jihar Osun da ta rasu bayan ta shafa Sniper a gashinta domin kashe ƙwarƙwata. Kananzir da fetur kuwa suna ƙona fata, suna kama wuta. Ku guji maganin lindane, domin yana iya jawo jijjiga.

Maganin da aka yi domin mutane

Ku nemi permethrin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 a kantin magani mai lasisi, ku duba lambar rajistar hukumar FDA ta Ghana da ranar lalacewa.

1. Ku tabbatar kun ga ƙwarƙwata mai motsi kafin ku fara.
2. A tsefe kitso gaba ɗaya, a wanke gashi, a tsane shi da tawul.
3. A shafa maganin har gindin gashi, musamman ƙeya da bayan kunne, a kiyaye idanu.
4. A bar shi minti 10, sannan a wanke.
5. A maimaita bayan kwana 7 zuwa 10.

Maimaitawar tana da dalili: maganin ba ya kashe dukkan ƙwai, su kuma suna ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Wanda ya tsaya a karo na farko zai sake ganinsu.

A ƙasashe da dama ƙwarƙwata ta fara jure wa permethrin. Idan kun bi ƙa'ida sau biyu ba ta mutu ba, kada ku ƙara yawan maganin. Ku je asibiti a sauya muku wani, kamar dimeticone, wanda ke lulluɓe ƙwaron har ya mutu. Jariri, mai juna biyu, mai shayarwa da mai gyambo a ka, su fara ganin ma'aikacin lafiya.

Mataji ma magani ne

A shafa man kaɗe, a raba gashi kashi-kashi, a taje da mataji mai ƙananan haƙora duk bayan kwana 3 ko 4, har tsawon mako 2. Ga yara maza, aski ya wadatar. A duba kowa a gida, a wanke huluna, ɗankwalaye da rigunan matashin kai da ruwan zafi. Babu buƙatar feshin ɗaki, domin ƙwarƙwatar da ta bar kai tana mutuwa cikin kwana 1 ko 2.

Idan an riga an shafa guba

Alamominta su ne dalalar miyau, gumi, amai, zawo, ƙanƙancewar ƙwayar ido, wahalar numfashi da jijjiga. Ku cire wa yaron tufafi, ku wanke kansa da jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa. Kada a ba shi manja ko madara, kada a tilasta masa amai. Ku garzaya da shi Asibitin Presbyterian na Bawku, asibitin gwamnati na Yendi ko na Salaga, ko cibiyar CHPS mafi kusa, ku riƙo kwalbar. Lambar gaggawa a Ghana ita ce 112.

Kira ga masu sayar da maganin gona

Kaya na shigowa daga Cinkassé da Burkina Faso, wasu an juye su cikin kwalabe marasa suna. Idan uwa ta ce na kan yaro take nema, kada ku sayar mata. Ku nuna mata kantin magani. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.