Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Ƙara wa Tsohuwar Kwamfutar Cinya Katin Hoto Daga Waje

Gabatarwa

Ƙofar Kware ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Sakkwato, kuma ta nan ake fita zuwa Kware da Illela har Birnin Ƙonni. A yau matasan wannan yanki, kamar na sauran unguwannin birni, da yawansu sun dogara ne ga kwamfutar cinya wajen neman abinci, ko dai ta zanen gini, ko haɗa bidiyon biki, ko tsara katin gayyata. Galibin waɗannan kwamfutoci kuwa 'yan gwanjo ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka ta hanyar Legas da Kano. Da zarar an ɗora musu aikin hoto mai nauyi sai su riƙa ciccijewa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dabarar da ake bi a magance haka ba tare da an sayi sabuwa ba.

Mene ne Katin Hoto?

Katin hoto shi ne sashen da ke lissafin duk abin da ido zai gani a allo. A babbar kwamfuta ta tebur ana cire shi a canza, amma a ta cinya yawanci a manne yake da uwar allon ciki, ko ma yana cikin ƙwaƙwalwar kanta. Saboda haka ba ya ciruwa. Mafita ita ce a sayo katin babbar kwamfuta, a girke shi a waje bisa wani ɗan dandamali, kamar wanda ake kira EXP GDC, sannan a sada shi da kwamfutar da waya.

Ƙofofin Shiga

Kamar yadda ba a shiga birni sai ta ƙofa, haka wannan kati ba ya isa ga ƙwaƙwalwa sai ta hanyar da ake kira PCI Express. Kafar USB ta yau da kullum ba ta ɗauke da wannan hanya. Ƙofa ta farko ita ce ExpressCard, wadda aka fito da ita a 2003, ana kuma samun ta a gefen kwamfutoci irin su ThinkPad T420 da X220 na 2011. Ta fi sauƙi domin ba sai an kwance komai ba. Ta biyu ita ce gurbin katin Wi-Fi da ke ciki. A nan dole a buɗe kwamfutar, a kuma haƙura da katin da aka cire. Ta uku ita ce gurbin M.2 na ma'adanar bayanai irin ta NVMe. Ta huɗu kuwa Thunderbolt ce, wadda kamfanonin Intel da Apple suka fitar a 2011. Ta uku a jerinta, wato ta 2015, tana ɗaukar gigabit 40 a daƙiƙa.

Sai dai ƙofofin ba faɗinsu ɗaya ba. Gurbin katin hoto a babbar kwamfuta layi 16 gare shi, alhali ExpressCard da gurbin Wi-Fi layi ɗaya tak suke da shi, M.2 kuma huɗu. Wannan shi ya sa sayen kati mai tsada domin ƙaramar ƙofa ɓarnar kuɗi ce. Matsakaici kamar GTX 750 Ti na 2014 ko GTX 1050 Ti na 2016 ya wadatar. Haka kuma ya fi kyau a haɗa katin da allo na daban, domin in aka ce hoton ya komo allon kwamfutar, to ta wannan ƙunƙuntar ƙofa zai sake bi.

Matsaloli

Matsala ta farko ita ce wuta. Katin ba ya shan batirin kwamfutar. Yana buƙatar nasa tushen wuta, kuma waɗannan biyu da aka ambata suna jan wat 60 zuwa 75. Ke nan in aka ɗauke wuta aiki ya tsaya, sai fa ga mai inbata ko janareta. Ta biyu ita ce yanayi: zafin bazara a Sakkwato yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar katin da ke zaune a fili. Ta uku, wasu kwamfutocin Lenovo da HP an tsara su yadda ba sa karɓar baƙon kati a gurbin Wi-Fi. A wasu kuma Windows kan nuna kuskure mai lamba 12 ko 43, wanda sai gwani ke warware shi.

Kammalawa

Katin waje yana ƙara ƙarfin hoto ne kawai, ba ya mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwa sabuwa. Bugu da ƙari, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ta bai ɗaya ranar 14 ga Oktoba, 2025, kwamfutocin 2011 kuwa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Don haka wajibi ne mai niyya ya fara duba ƙofar da kwamfutarsa ke da ita, ya haɗa kuɗin kati da dandamali da tushen wuta da allo, ya gwada da farashin wata kwamfutar mafi ƙarfi. In jimillar ta kusa kamo farashin, to canji ya fi gyara. In kuwa da rata mai yawa, tsohuwar za ta iya ci gaba da ciyar da mai ita.